Art Blakey: Makaɗin gangar da ya shekara 35 yana yaye gwanayen jaz

A rukunin makaɗan jaz, mazaunin mai ganga a baya yake. Masu busa ne ke tsayawa a gaba inda fitila ta fi haske, kuma galibi sunansu ne ake rubutawa a ƙofar gidan wasa. Art Blakey, Ba'amurke baƙar fata da ya rasu a birnin New York ranar 16 ga Oktoban 1990, yana cikin 'yan ƙalilan da suka ja ragamar rukuni daga wannan kujera ta baya. Ya shafe kimanin shekara 35 yana jagorancin Jazz Messengers, wato masu isar da saƙon jaz, kuma a tsawon wannan lokaci matasa sama da 100 ne suka yi aiki a ƙarƙashinsa.

A zamaninsa akwai makaɗan ganga da suka fi shi saurin hannu, akwai kuma waɗanda suka fi shi zurfin lissafin kiɗa. Inda ya yi musu zarra shi ne yawan gwanayen da ya yaye. Yakan ɗauko saurayi ɗan shekara 19 ko 20 wanda ba wanda ya san shi, ya gasa shi a gaban jama'a dare bayan dare, idan ya ga ya nuna sai ya sallame shi ya je ya kafa nasa rukunin, shi kuma ya nemo wani. Duk wanda ya bi sunayen waɗanda suka ratsa ta hannunsa, daga Lee Morgan da Wayne Shorter har zuwa Wynton Marsalis da Terence Blanchard, zai tarar ya karanta babban kaso na tarihin jaz tun daga shekarun 1950. Yaran nasa da abokansa kuwa Bu suke ce masa, guntun sunan da ya ɗauka bayan ya musulunta, wato Abdullah Ibn Buhaina.

Maraya a birnin ƙarfe

An haifi Arthur Blakey ranar 11 ga Oktoban 1919 a Pittsburgh da ke Jihar Pennsylvania. A wancan zamani birnin shi ne cibiyar narka ƙarfe ta Amurka, kuma dubban baƙaƙen fata daga jihohin Kudu sun yi ta kwarara cikinsa don neman aiki da gudun wariyar launin fata. Unguwar Hill District ce matattararsu, nan ne kuma gidajen rawa suke raba dare ana kiɗa. Birnin ya fitar da manyan makaɗa irin su Earl Hines da Mary Lou Williams da Roy Eldridge da Billy Eckstine da Kenny Clarke da Erroll Garner.

Blakey bai san ɗumin uwa ba. Mahaifiyarsa ta rasu jim kaɗan da haihuwarsa, mahaifinsa kuma ya riga ya yi nesa da gidan. Wata makusanciyar mahaifiyar ce ta riƙe shi, a cikin gidan Kiristoci masu tsananin riƙo da addini, mabiya ɗariƙar nan da ke kiyaye ranar Asabar. A nan ya fara taɓa fiyano. Karatunsa bai yi nisa ba, domin ya taso ne a tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta afka wa Amurka daga 1929. Tun yana ɗan saurayi ya shiga neman na kansa: da rana aikin ƙarfi, da dare kiɗan fiyano a gidajen rawa, har ya kai ga jagorantar ƙaramin rukuni.

Yadda ya koma kan ganga labari ne da shi kansa ya sha bayarwa. Wata rana wani yaro mai suna Erroll Garner, wanda bai kai shi shekaru ba, ya zauna a kan fiyanon gidan da yake aiki, ya kaɗa abin da ya gagari Blakey. Mai gidan rawan, mutumin da ba a yi masa musu saboda yana yawo da bindiga, ya umarci Blakey ya bar wa yaron fiyano ya koma kan ganguna. Garner ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu fiyano na duniya, Blakey kuma bai sake barin ganga ba.

Ba shi da malamin da ya zaunar da shi. Da ido da kunne ya koya, yana bin sawun manyan lokacin, musamman Sid Catlett da Chick Webb. Webb ɗan ƙaramin mutum ne da ciwon ƙashin baya ya tanƙwara, amma daga kan gangunansa yake juya babban rukunin da ya mamaye zauren rawa na Savoy a unguwar Harlem ta New York har zuwa rasuwarsa a 1939. A wurinsa Blakey ya ga cewa mai ganga na iya zama shugaba.

Daga Henderson zuwa Eckstine

A 1942 Mary Lou Williams ta ɗauke shi cikin rukuninta, kuma tare da ita ya fara kiɗa a New York. Daga nan ya shiga babban rukunin Fletcher Henderson, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin kiɗan manyan rukunoni. A wani rangadi da suka yi a Kudu ne, kamar yadda ya ba da labari, 'yan sanda a Jihar Georgia suka yi masa dukan da ya fasa masa kai, har sai da likitoci suka sanya masa ƙarfe a ƙoƙon kansa. Wannan rauni ya sa ba a ɗauke shi aikin soja ba a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan ya bar Henderson ya ɗan zauna a Boston yana jagorantar nasa rukunin.

A 1944 ɗan garinsu, mawaƙi Billy Eckstine, ya kira shi cikin sabon rukunin da ya kafa. Wannan rukuni ne ya zama sheƙar sabon salon da ake kira bibop. A lokuta daban-daban Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Fats Navarro da Miles Davis da Dexter Gordon da Gene Ammons da mawaƙiya Sarah Vaughan duk sun yi aiki a cikinsa. Bibop kiɗa ne mai gudu da sarƙaƙiya, wanda aka yi shi don saurare fiye da rawa, kuma ya ba kowane mai busa damar ƙirƙiro nasa zancen nan take a kan tsarin waƙar.

Sabon salon ya sauya aikin mai ganga. A da, babbar gangar da ake takawa da ƙafa ce ke ƙirga kowane bugu don masu rawa. Kenny Clarke ya mayar da ƙirgar kan babban farantin tagulla da ake bugawa da hannun dama, ya 'yantar da ƙafa da hannun hagu su riƙa jefa bugu a inda ba a zata ba. Max Roach ya faɗaɗa dabarar. Blakey ya shekara uku a bayan masu busan Eckstine yana koyon wannan hanya, har rukunin ya watse a 1947 saboda kuɗin riƙe shi ya gagara.

A watan Oktoban shekarar ne kamfanin faifai na Blue Note ya fara naɗar kiɗan Thelonious Monk, mai fiyanon da mutane da yawa ke ganin kiɗansa baƙo ne saboda giɓi da karkacewar da ke cikinsa. Blakey ne ya kaɗa masa ganga. Kamfanin, wanda Alfred Lion, Bayahuden da ya baro Jamus, ya kafa a 1939, shi ne ya zama gidan Blakey na shekaru masu yawa. A watan Disamba ya naɗa faifansa na farko a matsayin shugaba, da rukunin mutum takwas da ya sa wa suna Messengers.

Tafiya Afirka da sabon suna

Shekarun 1940 lokaci ne da makaɗan jaz baƙaƙen fata da dama suka karɓi Musulunci, akasarinsu ta hannun 'yan Ahmadiyya waɗanda ke da rassa a manyan biranen Amurka. Daga cikinsu akwai Yusef Lateef da Sahib Shihab da Idrees Sulieman, daga baya kuma Ahmad Jamal. Ga da yawansu addinin ya zo da mutunci da 'yan uwantakar da ba ta duba launin fata, a ƙasar da doka ta ware musu wurin zama a mota da gidan abinci. Blakey na cikin wannan ayari, kuma a nan ya samo sunan Abdullah Ibn Buhaina.

Ya kuma ba da labarin cewa bayan watsewar rukunin Eckstine ya tsallaka teku zuwa Afirka ta Yamma. A wani jawabi da aka naɗa cikin faifansa mai suna Ritual a 1957, ya ambaci shigarsa cikin Najeriya da haɗuwarsa da al'ummar Ijaw, da irin matsayin da ya ga ganga ke da shi a rayuwarsu. A hirarrakinsa na baya kuwa ya fi jaddada cewa neman ilimin addini da falsafa ne ya kai shi. Tun cikin shekarun 1950 riƙonsa da ibada ya yi sako-sako, kuma da sunansa na asali ya ci gaba da fitowa a dandali, amma sunan Buhaina bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Duk da wannan alaƙa, Blakey ya tsaya kai da fata cewa jaz kiɗan Amurka ne, wanda jikokin bayi suka ƙirƙira daga wahalar da suka sha a ƙasar. Yana ganin danganta shi kacokan ga Afirka wata hanya ce ta hana baƙaƙen Amurka ladan abin da suka haifa da kansu.

Yadda yake kiɗa

Abin da ake kira gangar jaz jeri ne na ganguna da farantan tagulla, wanda mutum ɗaya ke sarrafawa da hannuwa biyu da ƙafafu biyu. Masu sauraro kan gane Blakey tun kafin a faɗi sunansa, saboda wasu alamomi da ba sa ɓuya.

Ta farko ita ce ƙafarsa ta hagu. Yawancin jaz huɗu-huɗu ake ƙirga shi, shi kuma yakan taka tagwayen farantan da ke haɗuwa da juna a kan bugu na biyu da na huɗu, da ƙarfi, ba fashi, komai gudun kiɗan. Wannan taku ne ke riƙe rukunin duka, ya bar sauran gaɓoɓinsa su yi yawo. Ta biyu ita ce rurinsa. Yakan danna sanduna biyu a kan fatar ƙaramar ganga su riƙa karkarwa har bugun ya haɗe ya zama sauti ɗaya, ya faro shi can ƙasa kamar hadari na tasowa daga nesa, ya yi ta ƙara masa ƙarfi har ya fashe a kan faranti daidai inda sabon zagayen waƙa zai fara. Ta uku, yakan ɗora gwiwar hannunsa a kan fatar ganga ya danna don muryarta ta hau ko ta sauka, abin da zai tuna wa mai sauraro yadda makaɗin kalangu ke matsa igiyoyinsa a hammata.

Duk waɗannan dabaru don hidimar mai busa yake amfani da su. Idan saurayi ya fara busa, Blakey yakan lafa ya ba shi fili. Zagaye na biyu sai ya ƙara wuta, na uku ya ƙara, ta yadda dole mai busan ya tsara zancensa daga ƙarami zuwa babba, in ba haka ba ganga ta binne shi. Wanda ya tsaya yana maimaita abin da ya haddace kuwa zai ji rurin nan a bayansa, alamar ya kawo sabon abu ko ya matsa ya ba wani wuri. Da yawan yaransa sun shaida cewa a nan suka koyi yadda ake gina busa.

Kafuwar Jazz Messengers

Ranar 21 ga Fabrairun 1954 Blue Note ta kai na'urorinta gidan kiɗa na Birdland a New York, ta naɗi Blakey tare da Clifford Brown mai busa tarampet, ɗan shekara 23, da Lou Donaldson mai saksofon da Horace Silver mai fiyano da Curly Russell mai bes. A cikin faifan, A Night at Birdland, ana jin Blakey, wanda a lokacin yake da shekara 34, yana shaida wa jama'a cewa da matasa zai ci gaba da aiki, idan waɗannan sun manyanta ya nemo waɗanda ba su kai su ba. Abin da ya yi ke nan har mutuwarsa. Brown kuwa ya koma wurin Max Roach, ya rasu a haɗarin mota a watan Yunin 1956 yana da shekara 25.

Daga ƙarshen 1954 Blakey da Silver suka haɗa rukunin haɗin gwiwa tare da Kenny Dorham da Hank Mobley da Doug Watkins, wanda ya ɗauki sunan Jazz Messengers. A lokacin wani salon jaz mai sanyi da laushi ne ke tashe, musamman a California. Su kuma sai suka mayar da bibop ga tushensa: waƙoƙin coci na baƙaƙen fata da kiɗan buluz da bugun da ke sa mutum kaɗa kai. Masu sharhi suka laƙaba wa salon suna hard bop, wato bibop mai tsauri. A 1956 Silver ya tafi ya kafa nasa rukunin, ya bar wa Blakey sunan.

Shekaru biyun da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba, duk da gwanaye irin su Jackie McLean da Johnny Griffin da suka ratsa. Gyaran ya zo a 1958 ta hannun Benny Golson, mai saksofon kuma mai tsara kiɗa. Golson ya shawo kan Blakey ya sake zubi: a riƙa zuwa aiki a kan lokaci, a sa tufafi iri ɗaya, a rubuta sababbin waƙoƙi na rukunin kansa. Ya kuma kawo 'yan garinsu Philadelphia su uku, Lee Morgan mai tarampet ɗan shekara 20 da Bobby Timmons mai fiyano da Jymie Merritt mai bes.

Ranar 30 ga Oktoban 1958 suka shiga situdiyon Rudy Van Gelder a Jihar New Jersey suka naɗi faifan da aka fi sani da Moanin', sunan waƙar Timmons da ta buɗe shi. An gina waƙar ne a kan kira da amshi irin na coci: fiyano ya yi kira, masu busa su amsa. Ita ce ta zama tambarin rukunin. A ƙarshen shekarar suka yi rangadin Turai, birnin Paris ya karɓe su hannu biyu, har aka ɗauki kiɗansu a finafinan Faransa.

Shekarun ganiya

A 1959 Wayne Shorter ya shigo, ya zama mai kula da tsarin kiɗan rukunin har 1964. Wannan ya zama al'adar gidan: Blakey ba ya rubuta waƙa sosai, don haka yakan naɗa ɗaya daga cikin yaran ya kula da tsari, ya kuma matsa wa kowa ya kawo waƙar da ya rubuta. Ta haka sautin rukunin yake sabuntuwa da kowane zubi, ganga kaɗai ce ba ta sauyawa. Saurayin da ya shekara biyu ko uku a nan yakan fita da waƙoƙinsa a faifai, ya san yadda ake tsara dare guda na kiɗa da yadda ake magana da jama'a.

A watan Janairun 1961 suka sauka a Japan, inda taron jama'a ya tarbe su tun daga filin jirgi. Irin girmamawar da aka yi musu a can ta girgiza mutanen da a ƙasarsu akwai otal-otal da ba a barinsu su kwana. Blakey ya riƙa komawa Japan har tsufansa, kuma faifansa biyu, Ugetsu da Kyoto, sunayen Japananci suke ɗauke da su. A wannan shekara rukunin ya koma na mutum shida, da Freddie Hubbard a kan tarampet da Curtis Fuller a kan turombon da Cedar Walton a kan fiyano. Masana da yawa na ganin wannan zubi, wanda ya naɗi Free for All a watan Fabrairun 1964, shi ne mafi ƙarfi a tarihin rukunin.

Lokacin ya zo daidai da fafutukar neman 'yancin baƙaƙen fata. A watan Mayun 1961 matasa baƙaƙe da farare suka riƙa shiga motocin safa tare zuwa jihohin Kudu don karya dokar wariya, aka ƙona motarsu a Alabama, aka lakaɗa musu duka. Kafin watan ya ƙare Blakey ya naɗi kiɗan ganga zalla na tsawon mintoci da dama, ya sa masa suna The Freedom Rider don girmama su.

Sha'awarsa ga gangunan Afirka da na tsibiran Karebiyan ma ba ta gushe ba. Tun 1953 yake naɗar kiɗa da Sabu Martinez mai gangar konga, kuma a 1957 da 1958 ya tara makaɗa masu yawa a situdiyo ɗaya don faifan da ganguna suka mamaye. A watan Janairun 1962 ya naɗi The African Beat tare da Solomon Ilori, makaɗi ɗan Najeriya da ke zaune a New York, da Yusef Lateef da Ahmed Abdul-Malik da wasu makaɗan Afirka da Amurka.

Rayuwar tana da nata duhun. Hodar ibilis mai suna heroin ta yi wa makaɗan jaz na wancan zamani mummunar ɓarna, kuma shi kansa Blakey ya daɗe yana fama da ita. Lee Morgan ya bar rukunin a 1961 saboda ta ci ƙarfinsa, ya farfaɗo ya dawo, daga baya aka harbe shi a wani gidan kiɗa na New York a 1972 yana da shekara 33. Timmons ya rasu a 1974 yana da shekara 38.

Shekarun fari

Daga tsakiyar shekarun 1960 kasuwa ta juya wa jaz baya. Kiɗan rok da na sol suka kwashe matasa, gidajen kiɗa suka yi ta rufewa, Birdland kanta ta rufe a 1965. Shorter ya koma wurin Miles Davis, wanda kafin ƙarshen shekarun ya rungumi kayan kiɗa masu aiki da lantarki. Wasu makaɗan suka yi ƙaura zuwa Turai, wasu suka koma koyarwa ko kiɗan tallace-tallace.

Blakey bai sauya hanya ba. Ya rabu da Blue Note a 1964, faifansa suka yi ƙaranci, kuma akwai shekarun da aikin Turai da Japan ne kawai ke riƙe rukunin. Duk da haka bai daina ɗaukar matasa ba. Keith Jarrett da Chuck Mangione sun yi aiki da shi a 1966, Woody Shaw ya biyo baya, haka ma Joanne Brackeen, mai fiyanon da ta zama mace ta farko a cikin Messengers. A 1971 da 1972 ya zaga duniya da rukunin dattawa mai suna Giants of Jazz tare da Gillespie da Monk da Sonny Stitt. A wannan tafiya ce, a Landan cikin Nuwamban 1971, Monk ya naɗi kiɗansa na ƙarshe a situdiyo a matsayin shugaba, kuma Blakey ne a kan ganga, kamar yadda ya kasance a naɗin farko shekara 24 kafin nan.

Muhimmancin wannan naci ya wuce na rukuni ɗaya. Jaz sana'a ce da ake koyo a kan dandali, a kusa da wanda ya riga ka, kuma manyan rukunonin da suka horar da su Blakey sun riga sun mutu. Jami'o'i sun fara koyar da kiɗan a aji, amma wuraren da saurayi zai yi kiɗa dare shida a mako a gaban masu biyan kuɗi sun yi ƙaranci ƙwarai. Messengers na cikin 'yan kaɗan da suka rage.

Farfaɗowa da rasuwarsa

A ƙarshen shekarun 1970 rukunin ya sake tsayawa da ƙafafunsa, da Bobby Watson mai saksofon da James Williams mai fiyano da Valery Ponomarev, mai tarampet da ya baro Tarayyar Sobiyet. A 1980 wani ɗan shekara 18 daga New Orleans, Wynton Marsalis, ya shigo, daga baya yayansa Branford ya biyo shi. Shaharar Wynton ta jawo hankalin manyan kamfanonin faifai zuwa ga matasa masu kiɗan jaz na asali, kuma da yawan waɗanda aka ɗauka daga gidan Blakey suka fito. Da 'yan uwan biyu suka tafi a 1982, Terence Blanchard da Donald Harrison, su ma 'yan New Orleans, suka maye gurbinsu. Da su da Mulgrew Miller aka naɗi New York Scene, faifan da ya ci kyautar Grammy a 1985.

Karramawa ta zo masa a tsufa. Mujallar DownBeat ta sanya shi cikin jerin gwarazanta a 1981, hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka kuma ta ba shi lambar gwanin jaz a 1988. A lokacin jinsa ya ragu ƙwarai saboda shekarun da ya yi a tsakiyar ƙarar ganguna, har ya koma dogaro da girgizar da yake ji a jikinsa da kallon yaransa, amma bai ajiye sanda ba. A watan Oktoban 1989 aka yi bikin cikarsa shekara 70 a birnin Leverkusen na Jamus, inda tsofaffin yaransa, ciki har da Shorter da Hubbard da Golson da McLean da Fuller, suka dawo suka tsaya a gabansa tare da sababbin.

Ya naɗi faifansa na ƙarshe, One for All, a watan Afrilun 1990, kewaye da samarin da suka yi sa'ar jikokinsa. Mutum ne da ya daɗe yana shan taba, kuma cutar dajin huhu ce ta yi ajalinsa a asibitin St. Vincent da ke Manhattan, kwana biyar bayan ya cika shekara 71. A 2005 hukumar Grammy ta ba shi lambar yabo ta aikin tsawon rayuwa.

Rukunin ya tsaya da tsayawar numfashinsa, yaran kuwa suka ci gaba. Shorter ya kasance cikin waɗanda suka kafa Weather Report. Wynton Marsalis ya zama jagoran sashen jaz na cibiyar Lincoln a New York. Blanchard ya tsara kiɗan finafinan Spike Lee masu yawa, kuma a 2021 ya zama baƙar fata na farko da babban gidan opera na Metropolitan ya nuna aikinsa.

Tasirinsa ya iso Najeriya ta hanyar faifai. A Legas, wani saurayi mai suna Tony Allen ya koyi ganga yana sauraron Blakey da Max Roach, ya haɗa abin da ya ji da kiɗan haylayif da na Yarabawa, ya zama ƙashin bayan kiɗan Afrobeat a rukunin Fela Kuti har zuwa 1979. A 2017, shekara uku kafin rasuwarsa a Paris, Allen ya naɗi faifan girmamawa ga Blakey mai waƙoƙi huɗu, Moanin' na cikinsu, kuma kamfanin Blue Note ne ya fitar da shi.